Sanarwa ga ƴan rukunin ɗaga ƙarfe na Garwa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga ranar Litinin za mu raba atisaye gida uku, don na ga kowa na kwaikwayon na kusa da shi, alhali buƙatunmu sun bambanta.

Mai neman ƙarfi zalla ya ɗauki nauyi mai yawa, sau 3 zuwa 5 a kowane zagaye, ya huta minti 3 kafin ya koma. Mai son damatsa da ƙirji su cika, shi kuma sau 8 zuwa 12, zagaye 3 ko 4, hutun minti ɗaya zuwa biyu. A nan yawancin samarinmu suke, kuma a nan ake yawan gaggawa. Tsoka sai ta samu kamar awa 48 kafin a sake matsa mata, ga barci, ga abinci: kifin Binuwai, wake, ƙwai, gyaɗa, kindirmo. Ba sai an sayi garin gina tsoka na gwangwani mai tsada ba.

Ƴan ƙwallo da masu son rage tumbi, nauyi kaɗan, sau 15 zuwa 20, gajeren hutu, a haɗa da gudu.

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara lafiya, kwana 2 a mako ya wadatar. Shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta wajen atisayen ƙarfafa tsoka. Mai hawan jini ya fara ganin likita.

Zafin Maris ya kankama, saboda haka bayan sallar Asuba za mu riƙa haɗuwa. Kowa ya zo da ruwansa, ya kuma turo mini rukunin da ya zaɓa kafin Lahadi.