Auta, ga shawarata kan asibitin da za ki je

Assalamu alaikum, Auta.

Da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da angona ɗan ƙarami. Na ga gara in rubuto miki a kan mu yi ta waya, don ki karanta a natse, ki kuma nuna wa baban yaron.

Abin da kika faɗa mini, rashin barci ko da jaririn ya yi barci, kuka ba dalili, abinci ya fita ranki, wata huɗu bayan haihuwa, na san shi tun ina aikin ungozoma. Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da irin wannan bayan ta sauka. Ba raunin imani ba ne, kuma yana warkewa. Ki riƙe addu'a da azkar, ki kuma nemi magani.

Kin ce ku kun fi karkata ga asibitin kuɗi. Na san dalili ko ba ki faɗa ba: kina tsoron a gan ki a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, magana ta kai gidan surukai. Ban raina wannan tsoron ba, na san bakin mutanenmu. Amma Auta, kada kunya ta zaɓar miki likita.

Ni a ganina ki fara da na gwamnati. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma akasarin ƙwararrun suna asibitocin gwamnati irin su Barnawa, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da asibitocin koyarwa kamar namu na Shika. Sau da yawa likitan da za ki biya kuɗi mai yawa ki gani da yamma a asibitin kuɗi, shi ne dai yake zaune da safe a na gwamnati. Ba kyauta ba ne, za ki yanki kati ki sayi magani, amma da sauƙi ƙwarai. In ƙofar Barnawa ce ta yi miki nauyi, ki zo Shika, inda mai ciwon ido da mai ciwon ƙafa duk ƙofa ɗaya suke bi.

Ba zan ɓoye miki wahalarsa ba. Akwai sammako da dogon layi, ga goyo. Likita na da mutane da yawa, ba zai ba ki lokacin da ranki yake so ba. Wanda kika gani yau ba lallai shi za ki tarar wata mai zuwa ba, sai ki sake labarin daga farko, kuma wannan na da ciwo ga mai damuwa. Ga yajin aiki da kan zo babu sallama.

Abin da kuɗi ke saya miki a asibitin kuɗi shi ne lokaci, da mutum ɗaya wanda ya san labarinki. A nan ki bambance mutum biyu. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke tantance ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam kuwa zama zai yi da ke kusan awa guda, ku bi tunanin da ke addabarki ɗaya bayan ɗaya, ya koya miki yadda za ki juya shi. Wannan maganin na magana yana aiki sosai, sai dai ba zama ɗaya ba ne. Yakan kai takwas zuwa sha biyu, mako-mako. To kafin ki fara, ki tambayi kuɗin zama ɗaya, ku ninka shi ke da maigidanki, ku ga ko albashi zai ɗauka. Na sha ganin waɗanda suka fara da zafi, aljihu ya gaza a tsakiya, suka koma gida suna cewa magani bai yi ba. Haka ƙwayoyin: sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an murmure. Ki gaya wa likita kina shayarwa, akwai waɗanda suka dace da mai goyo.

Saboda haka ki bari likitan gwamnati ya fara duba ki, ki tambaya ko suna da masanin halayya a nan. In layinsa ya yi nisa, sai ki nemi na kuɗi don zaman magana kawai. Babanku ya ce zai kama muku.

Duk wanda za ki je wurinsa a waje, ki tambayi inda ya yi karatu da rajistarsa. Intanet ta cika da masu kiran kansu ƙwararru. Kuma kada kowa ya ja ki gidan da ake tsare mutane da sunan magani. Kin tuna a 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Yanzu akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, kuma ta kare haƙƙin majinyaci da sirrinsa.

Abu ɗaya ba ya jiran lissafi. In kika ji zuciyarki na raya miki cutar da kanki ko yaron, ko cikin dare ne ki tashi maigidanki ku tafi sashen gaggawa mafi kusa, ki kuma kira ni.

Ranar Lahadi in Allah ya yarda zan taho Kaduna. Litinin mu yi sammako tare, ni zan riƙe miki angon nawa. Ki gaida maigidan. Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana shi.

Taki,
Umma