Sanarwa ga ƴan rukuni: hirar tarihin wasanni ta ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Hirarmu ta Asabar tana nan bayan isha'i insha Allahu, wannan karon kan Albert Hornby za mu tattauna, ɗan Ingila da aka haifa a Blackburn a 1847.

Wallahi mutumin nan ya burge ni, shi ne na farko da ya zama kyaftin ɗin Ingila a zari-ruga da kurket duka biyun, bayansa Andrew Stoddart kaɗai ya sake yin haka. Kuma sai da ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara buga wa ƙasarsa zari-ruga a 1877, ya buga wasa 9.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne wasan kurket na 1882 a filin Oval na Landan. Shi ne kyaftin ranar, Ingila na neman maki 85 kacal ta ci wasa, sai Spofforth, mai jefa ƙwallo na Ostiraliya, ya dinga fitar da ƴan wasan Ingila ɗaya bayan ɗaya har suka faɗi da tazarar maki 7, wata jarida ta buga ta'aziyya wai kurket ɗin Ingila ya mutu za a ƙona gawar a kai tokar Ostiraliya. Daga nan sunan gasar Ashes (wato toka da Turanci), da ake yi tsakanin Ingila da Ostiraliya, ya samo asali. Ni dai ban ga dalilin ɗora wa Hornby laifin faɗuwar shi kaɗai ba.

Ya rasu a 1925, kabarinsa a ƙauyen Acton na Ingila har da sandar kurket da ƙwallo aka sassaƙa a jikin dutsen.

Don Allah mai tambaya ya turo kafin Juma'a da dare.