Bikin kiɗa da waƙa na garin Aldeburgh

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan bikin da ake yi kowane watan Yuni a Aldeburgh, ɗan garin masunta a gaɓar tekun Ingila, wanda mutanensa ba su kai 3,000 ba. Mashahurin mai tsara kiɗa Benjamin Britten da abokansa ne suka fara shi a 1948.

Bana na samu zuwa. Na zauna a zauren Snape Maltings, tsohuwar masana'antar sha'ir da aka mayar gidan kiɗa a 1967. Gobara ta cinye shi a 1969, amma kafin shekara ta zagayo sun sake gina shi. A ranar da na je, da masu goge huɗu suka fara kiɗa, ko tari ba wanda ya yi. Wata tsohuwa kusa da ni ta lumshe ido, tana kaɗa yatsa a gwiwarta har aka tashi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda mutanen Aldeburgh suka riƙe sunan George Crabbe, marubucin waƙoƙin da aka haifa a garin a 1754. Daga baitocinsa Britten ya ɗauko labarin Peter Grimes, wasan kwaikwayonsa na waƙa.

Don Allah ku ware wa irin waɗannan bukukuwa shafi, ko da sau ɗaya a wata.

Naku,
Mai karatu daga Ipswich, Ingila