Lungun natsuwa a aji: tabarma da ƙa'ida sun fi fitilu masu walƙiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana da hedimastoci da malaman aji da jami'an hukumomin ilimin bai-ɗaya (SUBEB) na jihohinmu kan wurin natsuwa da ake keɓe wa yara masu buƙata ta musamman a makaranta.

Akwai yaron da ƙarar ruwan sama a kan kwano ke sa shi toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci. Akwai kuma wanda ba ya iya zaman minti biyar, sai jijjiga, sai taunar wuyan riga, sai bangazar na kusa da shi. Na farkon, abin da ke shiga ta kunne da ido da fata ne ya yi masa yawa. Na biyun kuwa jikinsa bai ƙoshi da motsi da matsi ba, nema yake. Dukkansu ana kiran su masu taurin kai, wani lokaci a ce iska ce, kuma bulala ba ta gyara ko ɗaya. An fi ganin haka ga yara masu lalurar galahanga (wato autism) da masu wahalar tattara hankali, amma ba su kaɗai ba ne.

Ɗakin da ake gani a hotunan intanet, mai bututun ruwa mai kumfa da fitilu kala-kala, asalinsa daga ƙasar Holan ne, inda Ad Verheul da Jan Hulsegge suka fara shi a shekarun 1970 domin masu naƙasa mai tsanani. Yana da amfaninsa a can. Amma makarantar da ba ta da tabbacin wuta, ajinta na ɗauke da yara tamanin, zafi kuma ya haura digiri 40 a watan Afrilu, in ta zuba kuɗinta a irin wannan ɗaki, ƙarshensa a kulle shi sai ranar da baƙi za su zo. Kuma a shekarar 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗin cewa hujjar bincike kan irin wannan jinya ba ta da ƙarfi. Saboda haka kayan ba magani ba ne. Taimako ne da ake gwadawa a kan yaro ɗaya-ɗaya, a duba ko ya yi aiki, in bai yi ba a janye shi.

Abin da yawancin makarantunmu ke buƙata lungu ne a cikin ajin kansa. Mita biyu tsawo, mita ɗaya da rabi faɗi ya isa. A zaɓi kusurwar baya, nesa da ƙofa da tagar da ke kallon titi ko janareto, amma inda iska ke ratsawa. A tare gefe ɗaya da kanta ko labule mara zane wanda tsayinsa bai wuce mita ɗaya ba, ta yadda malami yana tsaye gaban allo zai hango kan yaron. Wannan sharaɗi ba na sasantawa ba ne: wurin da babba ba ya gani ba wurin ajiye yaro ba ne. Tantin da ake rufewa ruf bai dace da zafinmu ba, minti kaɗan yaro zai jiƙe da gumi ya fito a fusace fiye da yadda ya shiga. A shimfiɗa tabarma, a ɗora ƙaramar katifa mai rigar leda da za a iya gogewa, da matashi biyu. Bango a bar shi fili. Malamai kan cika shi da hotuna da haruffa don ya yi kyau, alhali yaron gudun hayaniyar ido ya kawo shi.

Kayan ciki kada su wuce huɗu ko biyar a lokaci guda. Wanda ya fi aiki ga mai gudun ƙara shi ne abin rufe kunne irin na ma'aikatan masana'anta, ƙaramin na yara, wanda ke rage ƙara da kamar desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 20 zuwa 25. A sa shi lokacin taron safe, ko buga ƙararrawa, ko saukar ruwa, a cire da zarar ƙarar ta wuce. In aka bar shi a kunne yini guda, kunnen sai ya ƙara tsoron ƙara, kuma yaron ba ya jin darasi.

Sai matashin cinya mai nauyi, wanda tela na unguwa zai iya ɗinkawa. A yanka yadi mai kauri santimita 45 da 25, a raba shi gida takwas da ɗinki, a zuba wa kowane gida tsakuwa ƙanana da aka wanke aka shanya, a rufe da ɗinki biyu, sannan a yi masa riga mai zif don wanki. Rabawar ce ke hana nauyin taruwa gefe guda. Kada a zuba gero ko shinkafa ko wake: ƙwari da ɓeraye za su same shi, da damina kuma ya yi funfuna. Yashi yana tsiyaya ta ɗinki. Nauyinsa kamar kashi biyar cikin ɗari na nauyin yaron, wato yaro mai kilo 20 matashin kilo ɗaya. A ɗora a cinya minti 15 zuwa 20, a cire. Bayan haka jiki ya saba, amfanin ya tafi.

A nan muke son a dakata a saurara. Ba a naɗe yaro cikin bargo mai nauyi, ba a rufe masa fuska, ba a ɗora masa abin da shi da kansa ba zai iya turewa ba. A shekarar 2008 wani yaro ɗan shekara tara mai galahanga ya rasu a wata makaranta a lardin Kebek na Kanada bayan an naɗe shi cikin irin wannan bargo an bar shi. Mai asma, mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya ba a sa musu komai mai nauyi sai da izinin likita. Haka fitila mai ƙyaftawa: wadda ke walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. Ƙananan ƙwallayen roba masu kumbura a ruwa, da kayan wasa masu ƙaramin batir mai kama da maɓalli, kada su shiga aji ko kusa, domin haɗiye su na iya kai yaro ɗakin tiyata.

Mai neman motsi kuwa, zaman lungu ba ya yi masa komai. Shi aiki mai nauyi yake so. A yanka tsohon tub na babur, a ɗaura shi tsakanin ƙafafun gaba na kujerarsa, ya riƙa tokarawa da ƙafa yana rubutu. A ba shi goge allo, ɗauko littattafai daga ofis, kai jarkar ruwa mai lita biyu ko uku, ko tura bango da tafin hannu sau goma. Kafin darasin da ke buƙatar zama ake yin wannan, ba bayan ya riga ya birkita ajin ba. In makaranta na da lilo, a tura shi gaba da baya a hankali, ban da juyi. Da an ga gumi ya karyo masa, ko ya fara hamma, ko ya ce zuciyarsa na tashi, a tsaya nan take, domin jirin kan iya daɗewa bayan ya sauka.

Inda aikin ya fi lalacewa ba a kaya ba ne, a hannun manya ne. Ranar da malami ya daka wa yaro tsawa ya ce "wuce lungu", lungun ya zama horo, ba zai sake zuwa da kansa ba. Ana koya masa wurin ne lokacin da yake cikin nishaɗi, a ba shi kati mai hoton tabarma wanda zai ɗaga in ya ji abin na taso masa, musamman wanda ba ya magana. Minti biyar zuwa goma, da agogon yashi da yake gani da idonsa, sannan ya koma kan aikin da ya bari, ko da an rage masa yawansa. In ba a mayar da shi kan aikin ba, cikin mako guda zai gane cewa kati ne hanyar tsere wa lissafi. Sauran yara za su yi ca a kan lungun da farko. A bar kowa ya ɗanɗana sau ɗaya, ɗokin zai kwanta.

A ajiye littafi ɗaya mai layi huɗu: lokaci, abin da ya faru kafin, abin da aka ba shi, yadda ya dawo. Bayan mako biyu a zauna da iyaye a duba. Sau da yawa littafin kan nuna cewa rikicin na tashi ne kullum gab da tara, yaron bai karya ba, ko kuma kujerarsa na ƙarƙashin fankar da ke ƙara. Wannan ba ya buƙatar sayen komai. Yaron da ke buga kansa da bango ko cizon kansa har jini kuwa, lamarinsa ya wuce lungu, a tura iyayensa asibitin koyarwa mafi kusa, a kuma duba haƙori da kunne, domin ciwon da ya kasa faɗa kan fito ta wannan hanya.

Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba waɗannan yara haƙƙin ilimi, kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC) na ware kashi biyu cikin ɗari na asusunta domin ilimi na musamman. Roƙonmu ga jihohi shi ne, kafin a ba da kwangilar shigo da kaya, a fara kashe kuɗin wajen horas da malaman aji. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sashen ilimi na musamman, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo. A gayyato malamansu su yi kwana biyu da malaman firamare a kowace ƙaramar hukuma, su haɗa lungu ɗaya tare a aji na gaske, su dawo bayan zango guda su duba littattafan.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Daga wasu malaman ilimi na musamman,
Kano.