Kai yara tsohon gandun sarauta: a bar sashen dabbobi ya zama na ƙarshe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin iyayen da ke shirin kai 'ya'yansu ziyara irin tsofaffin gidajen nan na masu sarauta da attajiran da, masu haɗe da lambu da gona, waɗanda yanzu aka buɗe wa jama'a. Akwai Chatsworth a yankin Derbyshire na Ingila, gidan zuriyar Cavendish tun ƙarni na 16, wanda lambunsa kaɗai ya kai eka 105, aka kuma buɗe sashen dabbobinsa a 1973. Akwai Wimpole kusa da Kambirij, da Mount Vernon, gidan George Washington a Amurka. Kusan duk tsarinsu ɗaya ne: gida, lambu, gona. Abin da ke gyara yinin ko ya ɓata shi shi ne wanne aka fara da shi, wanne aka ƙare da shi.

Tun daga gida a duba ko tikitin ya haɗa sassan uku, domin wasu wuraren raba su suke yi, kuma da yawa suna rufe ginin a lokacin hunturu su bar fili kawai. A sa wa kowa takalmi rufaffe, a riƙo wa yara kayan canji da leda.

A fara da gidan da safe, yara ba su gaji ba, takalma ba su kwashi laka ba. Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya ishi yaron da bai kai shekara bakwai ba. In aka wuce haka sai ƙorafi da guje-guje. Gidaje da dama ba sa barin keken jariri ya shiga saboda matakala da ƙuncin hanya, don haka majanyi ko jakar goyo ta fi amfani. A yi wa yara bayanin dalilin hana taɓa kaya kafin a shiga, domin yaron da ya san dalili ya fi kiyayewa: gumi da maiƙon hannu suna cin ruwan zinariyar da aka shafa wa kujeru, suna kuma dafar da yadin da ya shekara ɗaruruwa. Duhun ɗakunan ma da gangan ne, haske yana kashe launin zane da labule.

Daga nan a ci abinci. A ci kafin a kusanci dabba ko ɗaya.

Lambu kuwa a saki yara su sha iska, amma ido na kan abu uku. Na farko ruwa: tafki, kwatamin ado da famfon feshi galibi ba su da shinge, an gina su ne don kallo, kuma ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarsa ba, ba tare da ya yi ihu ba. Na biyu wani rami da Turawan Ingila ke kira ha-ha, wanda aka yi yayinsa a ƙarni na 18 domin hana dabbobi shiga lambu ba tare da shinge ya tare kallo ba. Daga wajen gida ba a ganinsa, ciyawa ce shimfiɗe sai kawai ƙasa ta yanke, zurfin ya kai mita ɗaya ko fiye. Na uku tsirran ado masu guba, irin su zurma da oleander da yew, wanda jajayen 'ya'yansa ke jan hankalin yara. Doka ɗaya ta wadatar: ba a tsinka, ba a kai komai baki.

Sashen dabbobi ne ya sa na rubuto wannan wasiƙa. Shanu da tumaki da awaki na iya ɗauke da ƙwayar E. coli O157 a hanjinsu alhali lafiyarsu ƙalau. Tana fita a kashi, ta maƙale a gashinsu, da ƙarfen shinge, da ƙasa, kuma 'yar kaɗan ta isa ta kwantar da yaro. A 2009, a wata gonar ziyara da ke Surrey a Ingila, mutum 93 ne suka kamu, mafi yawansu yara, 17 kuma cutar ta taɓa musu ƙoda. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai jawo gudawa, Cryptosporidium, da aka fi samu jikin 'yan maruƙa da 'yan raguna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogara da man tsabtace hannu na kwalba ko takardar goge hannu. Ba sa fitar da dattin gona, kuma man ba ya kashe Cryptosporidium. Sabulu ne da ruwa mai gudu, a cuɗa na aƙalla daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a busar da takarda. Babba ne zai wanke wa yaron da bai kai shekara biyar ba, ba a tsaya daga nesa ana cewa ya wanke ba. A wanke ko da shinge kawai aka dafa. Cikin sashen ba ci, ba sha, ba tsotson yatsa, kuma robar tsotso ko abin wasan da ya faɗi ƙasa ya shiga leda sai gida. A bakin mota a cire takalma a ƙulle a leda, a goge tayoyin keken jariri, sannan a sake wanke hannu, domin nan ne dattin ke komawa hannun da aka riga aka wanke.

Wajen ciyarwa a ba da abincin da gonar ta tanada kawai, a tafin hannu a buɗe, yatsu a haɗe. Kada a tsaya bayan doki, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta. Mai juna biyu ta nisanci tumakin da ke haihuwa da jariransu da shimfiɗarsu gaba ɗaya, domin suna iya ɗauke da cututtukan da ke jawo ɓari. Kayan wanda ya taɓa su ma kada ta wanke.

Bayan an dawo a sa ido har mako biyu. In yaro ya fara gudawa ko murɗar ciki, musamman in da jini, ko fitsarinsa ya ragu, ko ya yi fari yana kasala, a kai shi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita cewa an je gona da ranar da aka je. Kada a ba shi maganin tsayar da gudawa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin likita ya gan shi, domin a irin wannan cutar suna iya ƙara haɗarin ga ƙoda.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku