Gyara kan bayanin kalmar "edit" a shafinku na koyon Turanci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina da tsokaci kan shafinku na koyon Turanci na makon jiya, inda marubucin ya ce "edit" na nufin gyara kuskure, kuma wai daga cikinta aka samo "editor". Bayanin farko bai cika ba, na biyun kuwa an kifa shi ne.

"Editor" ce ta riga zuwa. Asalinta Latin ne, daga "edere", wato fitar da abu waje ga jama'a. Tun ƙarni na 17 Turawan Ingila ke kiran mai fitar da littafi da wannan suna, alhali "edit" ba ta bayyana a rubuce ba sai wajen 1791. Akasarin masana na ganin daga sunan ma'aikacin aka gutsure wutsiya aka ƙirƙiri aikatau, kamar yadda "burgle" ta fito daga "burglar", "televise" kuma daga "television". Ma'anarta ta farko ma wallafawa ce. Daga baya ne ta koma shirya rubutu kafin a buga.

Faransanci ya riƙe tsohuwar ma'anar har yau. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san "éditeur" mai ɗab'i ne, mai kamfanin buga littattafai, shi kuwa mai irin kujerarka "rédacteur en chef" suke ce masa. Nan ma akwai tarko ga mai fassara, don "redact" ta Ingilishi yanzu an fi amfani da ita wajen shafe sirri: takardar kotu ko ta gwamnati da za ka gani an bi wasu layuka da baƙin tawada an rufe sunaye, ita ce "redacted".

Abin da ya fi damuna shi ne fassara "edit" da "tace" kai tsaye, ba tare da an yi wa ɗalibi gargaɗi ba. A kunnen Bakano, "tace" ta riga ta zama ta Hukumar Tace Fina-finai. Ka ce masa an tace labari, abin da zai ji shi ne an cire abin da wani babba ba ya so a ji. Aikin edita ya wuce rariya. Wakili zai kawo rahoton gobarar kasuwa ya binne adadin shagunan da suka ƙone a sakin layi na biyar. Edita ne zai ɗauko shi ya kai sama, ya buga waya ya tabbatar da sunan sarkin kasuwar, ya yanke doguwar gaisuwar da ta cinye rabin shafi, sannan ya yarda a buga da sunan jaridarsa. In an yi ƙarar jaridar, shi za a nema. Irin wannan nauyi Abubakar Imam ya ɗauka a Zariya lokacin da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Ya kamata kuma a raba wa ɗalibai "edit" da makwabtanta. "Revise" sake duba ce, mai rubutu ya koma kan tunaninsa ya canza, kuma a Turancin Ingila da muke bi a makarantu ita ce bitar karatu kafin jarrabawa. "Proofread" kuwa duban ƙarshe ne na harafi da waƙafi, wurin da ake kama "kasa" da aka bari ba ƙugiya a inda ake nufin "ƙasa". Wannan, in ba za ka ji haushi ba, jaridarku ma tana bukatarsa a wasu ranakun.

Yaran yanzu a waya suka fara haɗuwa da kalmar, musamman tun 2023 da WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da tura shi. Shi ya sa suke ɗauka gyaran harafi ce kawai, kuma shafinku ya ƙara ƙarfafa musu wannan zato.

Ina roƙon a ware fili a fitowa ta gaba a bayyana waɗannan kalmomi huɗu, wato "edit", "redact", "revise" da "proofread", da misalan jimloli.

Na gode.

Mai karanta jaridarku, daga Zariya