Ranka Ya Daɗe Ciyaman, Ina Maganar Kwalbatin Rafinmu Ta Kwana?

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya jama'a. Ni ne magatakardan kwamitin ci gaban garinmu, mai riƙe da littafin zaman da muke yi a zauren dagaci. Ba zan ja ka da nisa ba. Maganar kwalbatin rafi ce ta kawo ni, wadda ka sani, mu ma mun san ka sani.

A ƙauye ka tashi kamar yadda muka tashi, don haka ba sai na karanta maka yadda shekararmu take ba. Da zarar masara ta shiga rumbu, dagaci zai tara masu unguwanni, da liman, da sarkin noma, da ardo, da shugabar mata, da shugaban matasa, da hedimasta, da ma'aikacin ɗakin shan magani. A wannan zama ake yanke ranar da za a saki shanu su shiga gonaki, don kada a yi rigima kan waken da ba a gama ɗauka ba. A nan ake yanka wa kowane gida abin da zai riƙa bai wa 'yan sintiri duk wata, a tsayar da ranar gayyar share maƙabarta, a zaɓi dattawan da za su bi burtali su tabbatar ba wanda ya tura kunyarsa ciki kafin shuka. Duk wannan da aljihunmu da ƙarfinmu muke yi, ba mu taɓa zuwa sakatariya neman sisin kwabo a kansa ba. Abin da ya fi ƙarfinmu kaɗai muke rubutawa a takarda mu aiko muku.

Shekara huɗu ke nan a jere, da hannuna nake rubuta kwalbatin rafi a layin farko na wannan takarda. Ba mu muka ƙirƙiro tsarin ba. Gwamnatin jiha ce ta ce al'ummomi a mazaɓu 255 na ƙananan hukumomi 23 su riƙa zama suna jera buƙatunsu bisa muhimmanci, don a gina kasafin kuɗi a kansu. Muka karɓi maganar hannu bibbiyu. Kowace shekara mukan yi gardama mai zafi a zaure, matasa na son filin ƙwallo, mata na son injin niƙa, amma da an zo kan rafi sai baki ya zo ɗaya. Dagaci ya sa hannu, kansila ya karɓa, a buga mana hatimi a sakatariya a kan kwafinmu. Kwafi huɗu na nan a jakata. Amsa ko ta layi ɗaya ba mu taɓa samu ba.

Na san uku daga cikin shekarun nan ba a zamaninka ba ne, kuma ba zan ɗora maka kayan wani ba. Naka kayan shi ne wanda ka ɗauka da bakinka. Ana saura 'yan kwanaki zaɓen ranar 19 ga Oktoba, 2024, ka zo garinmu neman ƙuri'a. Motarka a tsallake ta tsaya, don ruwan ƙarshen damina bai gama janyewa ba. Ka naɗe ƙafar wando, yaranmu suka riƙe maka takalmi, ka tako cikin ruwan da ƙafarka. A ƙofar dagaci, a gaban liman, ka ce idan Allah ya ba ka kujerar, ruwan wata daminar ba zai sauka ba sai kwalbatin na tsaye. Babu wanda ya tilasta ka. Tsofaffin da ke wurin suka ɗaga hannu suka yi maka addu'a, ranar zaɓe kuma suka fito da sandunansu suka bi layi. Rani ya zo ya wuce, ba mu ga ko mai awo ba. Damina ta zo, ta yi mana abin da ta saba.

Bari in gaya maka abin da ta yi. Wani dare a watan Agusta, bayan ruwan da aka wuni ana zubawa, naƙuda ta kama matar ƙanena. Ungozoma ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce wannan ta fi ƙarfinta, a tafi asibiti. Muka ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa, mu shida, har bakin rafi. Mai motar da muka kira yana tsallake, muna hango fitilarsa, yana jin muryarmu, amma ruwan ya kai ƙirjin babban mutum kuma yana gudu da itatuwa. A wurin muka zauna har gab da asuba, mata na kare ta da zannuwansu daga yayyafi. Da ruwa ya ɗan sauka muka haye, asibitin mazaɓa suka ce a wuce asibitin koyarwa na Shika. Allah ya yi da sauran kwananta. Jaririn dai bai zo da rai ba. Mun yi imani da ƙaddara, ba mu ce wani ya kashe shi ba. Amma tsakaninmu da motar nan bai fi jifa da dutse ba, ranka ya daɗe, kuma har yau ƙanena ba ya iya bi ta wurin bai kau da kai ba.

Wannan na gidanmu ne. Na gari kuwa kullum ne. Daga Yuli zuwa Satumba, malaman firamare da ke zuwa daga cikin gari a kan babur, duk ranar da hadari ya haɗu da safe juyawa suke, kuma ban ga laifinsu ba. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata a damina, sai su iso bayan kwanakin da aka ɗiba sun wuce. Buhun taki a kai ake tsallako da shi, kowane buhu da ladan ɗaukarsa. In kaka ta yi, ramin da ruwa ya haƙa ya hana babbar mota shigowa, sai ɗan kasuwa ya tsaya a bakin titi ya yanka wa masararmu da waken soyarmu kuɗin da ya ga dama, don ya san ba mu da wata hanyar fitar da su.

Ba alfarma muke roƙo ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Shekara da shekaru, duk shugaban da muka tunkara sai ya ce hannunsa a ɗaure yake, kuɗi na asusun haɗin gwiwa da jiha. To, ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma da wannan hukunci ka yi mana yaƙin neman zaɓe. Muna sauraren rediyo. Mun san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin da ake rabawa daga asusun tarayya ya ƙaru, kamar yadda muka san siminti da rodi sun yi tashin gwauron zabo. Idan akwai abin da ya tare kuɗin a hanya, fito ka faɗa mana da bakinka, mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Idan kuma an sa aikin a kasafi aka karkatar da shi wani wuri, wannan ma haƙƙinmu ne mu sani. Shirun ne ke cin ranmu.

Don Allah, don Annabi, ka dube mu. Mun gwada da kanmu har sau biyu. Muka yi karo-karo, muka jera gungumen itace da buhunan ƙasa, muka zuba marmara a kai, ruwan farko mai ƙarfi ya tafi da su a dare ɗaya. Wurin na buƙatar injiniya ya auna yawan ruwan da ke bi, a zuba kankare da rodi, a ɗaure gefe da gefe da dutse. Wannan ne ba mu da shi.

Akwai sauran abubuwa a takardar. Famfon tuƙa-tuƙa na unguwar gabas ya lalace, iska ta yaye rufin aji biyu, masu karɓar kuɗin kasuwa kuma wani lokaci ba sa ba da rasit. Waɗannan za mu iya jira.

Rafi ne ba ya jira. Ba a fafe gora ranar tafiya, kankare kuma ba a zuba shi cikin ruwa. Daga yanzu zuwa Afrilu ne kaɗai ƙasan rafin ke bushewa, kuma yanzu ne kuke haɗa kasafin baɗi. Abin da muke nema shi ne a rubuta kwalbatin da sunan garinmu a cikin kasafin, a turo injiniya daga sashen ayyuka ya auna wurin, sannan a ba mu amsa a rubuce ta hannun kansilanmu, ko da amsar ba za ta yi mana daɗi ba.

A zamanmu na makon jiya an yanke cewa matasa za su ɗauki nauyin haƙa da ɗiban ruwa kyauta, kuma tuni mun fara tara yashi da duwatsu a bakin rafi. Zama na gaba ranar Juma'ar farko ta watan gobe ne, bayan an sauko daga masallaci, a zauren dagaci. Muna gayyatarka. Yanzu ruwa ya janye, motarka za ta iya shigowa har ƙofar zauren.

Wassalam.

Magatakardan kwamitin ci gaban gari,
a madadin dagaci da masu unguwanni.